Ƙarshen Wasan Direban Jirgi

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Mama, da kasuwa. An sake ɗage shari'ata. Lauya ya ce mai wayar da aka sace bai zo ba, ni kuma na gaji da rantsuwar cewa saye na yi a bakin shagonmu.

Ka gaya wa Mama tarin ya ragu, kuma wannan karon gaskiya ne, don na samu wurin kwana a gindin taga. Taga ɗaya ce a ɗakin, mu kuwa an cusa mu kamar kaya a buhu. Wanda ke ƙurya kusa da bokitin bahaya numfashin wasu yake shaƙa. Mai asma irina ba zai daɗe a can ba.

Shugaban ɗaki ne ke raba wurin kwana, wani dattijo ƙato mai furfura. Wata rana ina ba wani labarin gem, wasan talabijin ɗin da muke bugawa a shago, sai na ga duk ɗakin an kasa kunne. Tun daga ranar sunana Mai Gem, kuma Shugaba ya ce in dawo kusa da shi. Duk gem ɗin da na taɓa bugawa na ba su labarinsa. Da suka ƙare sai na ɗauko na direban jirgin ƙasan nan da aka sace wa 'ya, yake bin layin dogo tasha tasha yana nemanta. Ka san tallarsa kawai na gani kafin a kama ni. Ashe Shugaba yana da 'ya mace da rabonsa da ita tun tana goye. Kullum sai ya ce, "Mai Gem, yau dai ya same ta?" Ni kuma in ƙara wata tasha daga kaina. Tashoshin sun kusa ƙare mini.

Na san yanzu gem ɗin ya fito kasuwa. Don Allah ka buga shi, ka aiko mini da ƙarshen.

Naka,
Auta

*

Auta, ɗan lelen Mama,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kasuwa ce dai ke kwance kamar mai zazzaɓi. Na karanta wasiƙarka na yi dariya har mai shayi ya leƙo. Kai da in mace ta shigo shago sai ka hau in'ina, yau kai ne mai tara jama'a! Lallai gidan yari makaranta ce.

Bari in ba ka labarin bana, don ka san irin wahalar da ka ɗora mini. Masu yin injinan gem ɗin nan sun raba mana wasanni kamar rabon gado, kowa ya kulle nasa a ɗakinsa. Fara, wadda muke sayarwa, ta samu na wata tsohuwa maƙeriya da ke ƙera makullai tana buɗe garuruwan da aka rufe. Yana da kyau, sai dai tsohuwar ta fi Mama surutu. 'Yar hannu ta samu na agwagi masu gidan burodi, kuma kar ka yi dariya, shi ke ciyar da mu yanzu, manya masu gemu ke saye suna cewa na yara ne. Masu kwamfuta sun samu na gina birni, wanda in ka fara shi da jariri a gida, kafin ka gama ya shiga makaranta.

Direbanka kuwa, wanda kowa ke cewa shi ne gwarzon shekara, na Baƙa ne, kishiyar Fara, ita kaɗai. Faifansa ko da kuka ka roƙe shi ba zai yi a Fara ba. Ni kuma shekara da shekaru ina gaya wa masu saye cewa Baƙa tarkace ce, tana zafi kamar dutsen guga, saboda kawai ba na sayar da ita. A duk layinmu mutum ɗaya ke da ita, Mai Gilashi, wanda ko gaisawa ba ma yi tun rigimar allon talla. Na je. Na kira shi Oga da bakin nan nawa. Ya ce ba komai, amma sai ya fito da talabijin ƙofar shago, ya ajiye mini benci, don duk mai wucewa ya ga wanda ke zagin Baƙa riƙe da ita hannu biyu. Haka na riƙa rufe shago da rana ina zuwa, masu gyaran waya na yi mini tafi.

Ga ƙarshen. Tasha ta ƙarshe a kan dutse take, hazo ya rufe ta. Akwai wata budurwa mai ɗaga wa jirage tuta. Direba bai gane ta ba, ta girma. Sai ya ja ƙahon jirgin yadda yake ja mata in ya dawo gida tana ƙarama, dogo sannan gajere. Tutar ta faɗi daga hannunta. Ta hau, ta zauna kusa da shi, ya juya kan jirgin gida.

Kar ka zubar masu da shi a zama ɗaya. Ja shi. Kaya mai kyau ba a buɗe shi gaba ɗaya a gaban mai saye.

Mama na sa maka albarka.
Yayanka

*

Yaya,

Salam. Ka yi haƙuri da rubutun.

Na ja shi yadda ka ce. Ranar da tutar ta faɗi, Shugaba ya rufe fuska da riga ya yi kuka a gaban kowa, mutumin da ko gandirobobi ke shakkarsa. Ya ba ni bargonsa.

Bayan nan aka kawo wani sabo, ɗan masu hali, muna ce masa Ɗan Gata. Yana da Baƙa a gidansu, kuma ya buga wasan har ƙarshe. Da aka ba shi labarin tutar sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Wace tuta? Wane ɗan iska ne ya sa tsoho kuka da ƙarya?" Ya faɗi tashoshi da sunayensu, ya faɗi abubuwan da ban sani ba. Kowa ya ga shi ne ya buga.

Shugaba bai taɓa ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗauki tabarmarka." Yanzu Ɗan Gata ne a taga, yana ba su nasa kaɗan kaɗan, ni ina ƙurya. A zaune nake kwana. Abin shaƙata na asma ya kusa ƙarewa.

Ban ce masu kai ne ba. Amma ni ka gaya mini, Yaya. Ba ka buga ba ne? Labarin bencin ma irin na kasuwa ne?

Auta

*

Ƙanena,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka, Ya ba ka numfashi. Na buga. Wallahi na buga, ka tambayi duk layinmu in ka fito.

Ga abin da na gani. Layin dogon zagaye ne. Tasha ta ƙarshe ita ce ta farko, inda ya tashi. Ya iso ya tsufa, ya sauka, ba kowa a dandamalin, ko kare. Ya duba ko'ina. Sai wasan ya mayar da shi kujerarsa, jirgin ya sake tashi. Shi ke nan. Na zaci injin ne ya lalace, na ce wa Mai Gilashi ka ga abin da nake faɗa. Ya ce a'a, haka aka yi shi, kuma saboda wannan ƙarshen ne masana ke yabonsa. To su yaba mana, ai su in sun kashe talabijin ƙofa suke buɗewa su fita shan iska.

Na zauna a bencin nan na tuna ka, a kai ka kotu a dawo da kai, a sake kai ka a sake dawowa da kai. Wannan zan aika wa mutanen da ke jira? Mai saye in ya zo da ido ja, ban taɓa miƙa masa abin da zai ƙara masa ba. Aikina ke nan tun ina tallar batir a tire, kuma bai taɓa cin kowa ba sai kai.

Na zo ƙofa da sabon abin shaƙa, aka ce ba ranar ziyara ba ce. Na bar shi hannun gandiroba, na yi masa daɗin bakin da ban taɓa yi wa surukina ba. Ban sani ba ko ya iso.

Ka karanta wa Shugaba wannan: Ranka ya daɗe, ni na ƙirƙiri tutar, yaron bai san komai ba. Ka zage ni, in ka fito ka zo shago ka mare ni a gaban jama'a, zan tsaya. Amma ka mayar da shi taga. Ƙirjinsa ba irin namu ba ne.

Mama ta tambaye ni kai. Na ce kana taga, iska har ta yi maka yawa.

Yayanka

*

Zuwa ga yayan Mai Gem,

Assalamu alaikum. Ni ne shugaban ɗakinsu, wani ke rubuta mini. Wasiƙarka ta zo bayan an fitar da ƙanenka a kan bargo zuwa asibiti. Mun tambayi gandirobobi, kowa ya ce ba shi ne a bakin aiki ba. Abin shaƙar ya iso tare da wasiƙar, yana wurina.

Ɗan Gata ya kai mu ƙarshen na gaskiya. Tun ranar ba wanda ya sake neman labari a ɗakin nan, kowa bango yake kallo.

In kana da wani labarin irin naka, ka aiko. In kuma kun ji wani abu game da yaron kafin mu, ka sa a ciki, amma shi kar ka gyara.

Wassalam.