Ku Mayar wa Yayana Launin Fuskarsa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban shirin wayar da kan matuƙa jirgin ruwa da masunta a kan sanya rigar kariya daga nutsewa, mai kula da yankin Yawuri, Ngaski da Shanga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina yi maka sannu da ƙoƙari. Aikinku na ceton rai ne, kuma ba ni da bakin kushe shi.

Sunana Sani, mai hoto ne ni a Yelwa, ɗan gidan masunta. Ni ne ofishinku ya ɗauka bara da rani na bi bakin ruwa daga Yelwa har Wara, ina ɗaukar matuƙa jirgi sanye da rigar da kuka raba. Na buga waya har na gaji, na taka ƙafa na je ofishin ma, aka sallame ni da a dawo. Shi ya sa na rubuto a fili. Abu ɗaya nake nema: hoton yayana da launinsa na ainihi, domin mahaifiyarmu ta gan shi kafin idonta ya rufe.

Na farko, ranka ya daɗe, mutumin da ke jikin babban allon da kuka kafa a tashar jiragen ruwa ta Yelwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Ummaru. Ya rasu. Da ruwa ya cika, jirginsa ya daki kututturen itace irin waɗanda ke ɓoye a ƙarƙashin tafki, ya kife. Wasu sun fita, shi bai fita ba. Na san ba ku sani ba lokacin da kuka zaɓi hotonsa, domin bayan rasuwar aka kafa allon, kuma ba wanda ya tambaye mu. Ban riƙe ku da wannan ba.

Abin da na riƙe ku da shi launin ne. Yaya Ummaru wankan tarwaɗa ne, rana ta gasa shi har goshinsa yana sheƙi, akwai ɗan ja-ja a kumatunsa. A allonku an bar rigar tana walƙiya ruwan goro, amma mutumin da ke cikinta an tsotse shi. Fatarsa toka-toka, leɓɓansa sun yi fari, ruwan da ke bayansa ya koma kamar darma. Ina cikin waɗanda suka ɗauko shi daga cikin ciyawar gaɓa bayan ya kwana biyu a ruwa, ina kuma cikin waɗanda suka yi masa wanka. Wallahi launin da na gani ranar nan shi ne a allonku. Ban san wanda ya gyara hoton ba, bai taɓa ganin gawar ba, amma bai kuskure ko kaɗan ba.

Sana'ata tana kai ni tashar nan kusan kullum. Nakan sunkuyar da kai in wuce, duk da haka ina jin sa a bayana. Abokan aikinsa sun daina ɗaure jiragensu a gindin allon, sun matsa can gaba inda laka take. Matarsa ta canja hanyar kasuwa. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ni da ba na tsoron ruwa, domin na fara mantawa da fuskarsa ta gaskiya. In na tuna shi yanzu, mai tokar nan ke fara zuwa.

Na biyu, ba wannan hoton ya amince da shi ba. Mutanenmu ba sa hannu a takarda suke ɗauka a matsayin amincewa ba. In ka ɗauki mutum, sai ka juya masa bayan kyamara ya ga kansa, in ya gyaɗa kai to ya yarda, in ya tsuke fuska ka goge. Haka na yi da kowane matuƙi da na ɗauka muku. Yaya Ummaru kuwa mutum ne mai gudun hoto. Shekarun da na yi ina wannan sana'a bai taɓa tsaya mini ba, yana cewa ni na rasa aikin yi. Hotonsa ɗaya tal da muka sani shi ne na katin shaida, kuma yana aljihunsa ranar da abin ya faru. Don maganar riga ce ya yarda, saboda ya ce in fuskarsa za ta sa wani ya sanya, to a ɗauka. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallo, ya yi dariya, ya ce ashe ba shi da muni haka. Wancan ya gani, wancan ya ba ku.

Na uku, bari in yi bayanin sana'a a taƙaice, don kada a ce maka launin ya ɓace ba ya dawowa. Ofishinku ya ce in ɗauki ɗanyen hoto kawai, wato irin wanda kyamara ba ta kammala ba, sai an buɗe shi a kwamfuta an gyara. Kamar ɗanyen kifi ne, wanda ya yi bandarsa shi ke ba shi kala. To amma kyamara tana da salon launi da mai hoto ke zaɓa kafin ya ɗauka, kuma da wannan salon take nuna hoton a bayanta. Ni na daɗe ina daidaita nawa, domin baƙar fata a gaban ruwa mai haske tana saurin koɗewa, dole ka ɗumama ta, ka rage kaifin hasken. Kyamara tana ajiye wannan zaɓi a cikin ɗanyen hoton. Sai dai manhajar gyara da yawa ba ta kula shi. Tana buɗewa sai ta yar da shi, ta ɗora nata, hoton ya fito a koɗe. Mai gyara in yana so, zai iya buɗewa da manhajar kamfanin kyamarar, ko ya zaɓi salon da ya dace da na kyamara, nan take fuska ta dawo yadda aka gan ta. Ba aikin yini ba ne, ba ma na sa'a ba. Ma'aikacinku bai yi haka ba. Ya tarar da hoto a koɗe, ya ƙara janye sauran jinin da ya rage.

Da na miƙa katin kyamara na faɗi wannan da bakina, na ce a bar launin yadda na saita. Aka ce an ji. Katin naku ne, sharaɗinku kuma shi ne kada in ajiye ko ɗaya a wurina, na kuwa cika sharaɗi. Yau ni da na ɗauki hoton yayana ba ni da shi.

Na huɗu, amsar da na samu a ofishinku. Wani jami'i mai kirki ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ya ce wannan shi ne tsarin hotunan shirin gaba ɗaya, an fi so su fito da duhu-duhu don su tsoratar, kuma rigar ta fi fitowa. Ranka ya daɗe, mu ba ma bukatar a koya mana tsoron ruwa daga ofis mai na'urar sanyi. Babu gidan da ke bakin tafkin nan da ruwa bai ci wani nasa ba. In tsari ne, to tsarin ya ɗauki rayayyu ya ba su kalar matattu, kuma akwai matuƙa da dama a cikin katin nan da ke nan da ransu, suna jiran ranar da za su ga kansu haka a bakin hanya. Har an fara raɗe-raɗin cewa kyamarata ce ta hango mutuwarsa. Wannan bai dame ni sosai ba, masu biki dai ba su daina kira na ba.

Na biyar, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Yaya Ummaru ɗan fari ne a wurin Inna. Kai ma ka san al'adarmu. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce yayanku. In ya shigo gaishe ta, ta kau da kai ta amsa tana kallon bango. Ko abincinsa ta hannun wani take miƙawa. Haka ta yi masa kara tun yana goye har ya yi furfura a gemu, tana son sa tana ɓoyewa. Ranar jana'iza ba a bari ta gan shi ba, saboda halin da ruwa ya bar shi. Daga baya ta kira ni, ta gaya mini abin da ban taɓa zaton zan ji daga bakinta ba: wai ta nemi fuskarsa a zuciyarta ta rasa, ta san tafiyarsa, ta san tarinsa a bakin ƙofa, amma ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba.

Inna tana fama da hawan jinin ido. Ɗaya ya riga ya tafi, ɗayan kuma likita ya ce ragewa kawai zai yi ta yi. Maƙwabta sun gaya mata akwai hoton ɗanta a tasha, babba, kowa na gani. Tun daga nan take cewa in kai ta. Yau in ce babur ba lafiya, gobe in ce rana ta yi zafi. Na gaji da yi wa uwata ƙarya.

Don haka ina roƙon ka, don girman Allah, ka ba da umarni a ba ni ɗanyen hoton yayana. Ba sai kowa ya wahala ba, ni zan buɗe shi da salon da na ɗauke shi, in wanke, in kai mata. Ina roƙo a sauke na allon a mayar da mai launinsa na gaskiya. Ba mu ce a cire shi ba, shi ya so ya tsaya a wurin. Sannan sauran hotunan matuƙan, a dawo musu da launin da suka gani suka gyaɗa kai, kuma nan gaba duk wanda zai gyara hoton mutanenmu ya fara duba yadda kyamara ta nuna shi kafin ya taɓa komai.

In hoton bai zo ba, zan kai ta tasha, domin ba ni da ikon hana uwa ganin ɗanta. Za ta tsaya a gindin allon ta ɗaga kai ta dube shi sosai, ba kunya, karon farko a rayuwarta. Abin da ta gani a wurin shi ne za ta shiga duhu da shi, kuma ba za a sake nuna mata wani ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da zuri'arka daga sharrin ruwa da na tudu, ya bar maka hasken idonka har ƙarshen rayuwa. Allah ya jiƙan waɗanda tafkin nan ya ci, ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sani mai hoto, Yelwa, Yawuri.