Ingilishin da Na Koya wa Zakariya'u

Dakoro, watan Rajab

Zuwa ga Innata Rahamatu, a Birnin Lalle,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Yaya ƙafar nan, ta sassauta miki? Ni lafiya lau, ɗinki yana tafiya.

Zakariya'u, ɗan maƙwabciyarki marigayiya, wanda kika shayar da mu tare, ya manne mini kamar kaska. Wai sai na koya masa Ingilishin da na tsinto a Kano wajen koyon ɗinki. Na ce masa tun da Faransa ta ɓata da Ingila aka rufe iyaka, duk wanda aka ji da harshen nan ɗan leƙen asiri ne a wurin kumandan, Baturen Faransa mai mulkinmu. Ya rantse ba mai ji.

To, Inna, da kin sha dariya. Akwai kalmomi biyu, ɗaya tunkiya, ɗaya jirgin ruwa, ɗan jan murya kawai ya raba su. Kullum sai ya tuƙa tunkiya ya yanka jirgi. Amma kansa na ja, ya fara kamawa.

Ki gaishe mini da gida duka.

Ɗanki, Jimrau

Dakoro, watan Azumi

Inna,

Ina gaishe ki, yaya ibada? Ki zauna kafin a karanta miki wannan.

Kumandan ya zo rangadi daga Maraɗi, aka kira ni gabansa. Tafinta ya tambaye ni ko ina jin Ingilishi, na ce ni tela ne, allura na sani. Sai ga Zakariya'u ya fito daga bayan sojoji da jar hula sabuwa a kansa. Ashe aikin gadi, wato ɗan sandan kumandan, aka yi masa alkawari. Ya tsaya ya zuba duk abin da na koya masa tiryan-tiryan, har tunkiyar da jirgin, bai kuskure ko ɗaya ba, ya nuna ni ya ce ni ne malaminsa.

Gobe za a tafi da ni gidan kaso na Maraɗi, ba wanda ya faɗi ranar dawowa. Ki aiko a ɗauke keken ɗinkina kafin a wawushe shi.

Wallahi Inna ba kason ke cin raina ba. Zakariya'u aka miƙa wa igiya ya ɗaure ni. Ya zo ta bayana, ya sassauta ƙullin don kada ya ci mini hannu, har da raɗa mini sannu. Da ya matse, da na samu na tsane shi na huta.

Ki sa ni a addu'arki. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanki, Jimrau