Kwana Sittin Na Yvette

Dayton, 3 ga Maris

Yaya Roberta,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikin maigidanki Clifton? Albishirinki, na ajiye aikin banki, zan buɗe shagon kek! Sai dai inshorar lafiyata ta tafi da aikin, kuma kwana sittin aka ba ni in zaɓi wata. Ko in ci gaba da ta bankin ina biya daga aljihuna, ko in sayi sabuwa. Kin san ciwon sukarina, allurar wata ɗaya ta rage mini. Ke ce gwanar takardun nan, ki duba mini.

Ƙanwarki,
Yvette

Toledo, 11 ga Maris

Yvette,

Muna gaishe ki, Clifton yana nan yadda kika san shi. Sannu da 'yanci, 'yar gata. Shekara goma sha tara ina ɗaure kwalaye a ƙarƙashin mutumin da har yau bai riƙe sunana ba, don kawai katin inshorar da ke biyan wankin ƙodar mijina. Ni ma na iya kek, a hannuna ma kika koya. Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta wasiƙarki hassada ta hana ni cin abinci.

Duk da haka kada ki ruga wa mai araha. Ki tabbata likitanki yana cikin jerin likitocin da inshorar take biya. Zan tace miki takardun ɗaya bayan ɗaya.

Yayarki,
Roberta

Dayton, 20 ga Maris

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki huta, an gama! Kin tuna Dwight, saurayina malamin makaranta? Ya ce tunda dama aure za mu yi, jiran me muke? Ranar Talata muka je kotu, cikin minti ashirin aka ɗaura, washegari ya sa ni a inshorarsa. Likitana ma yana ciki. Walima ranar Juma'a mai zuwa, don Allah ki zo.

Taki,
Yvette

Toledo, 24 ga Maris

Yvette,

Gaisuwa. Allah ya sanya alheri. Kwana shida na yi ina tace miki takardun, jiya na zuba su a shara.

Ba zan zo ba. Hutuna duk ya ƙare a asibiti, in na yi fashi kuma aikin ya tafi da katin. Na rubuta miki cewa ina murna, amma ki ba ni lokaci, har yanzu ba ta kai zuci ba.

Ki huta lafiya,
Roberta