Shafin da Baba Ya Lanƙwasa

Yayata ta kaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya horo? Ya ƙafar da kika ce takalmin soja ya ci miki? Allah ya sa ta warke. Ni dai tunda suka karɓe muku waya kin ja mini aiki, rabona da biro tun da na bar makaranta. In na yi kuskure har yatsana yana neman inda zai danna ya goge.

An sallamo Baba daga asibiti ranar Talata. Idon dai ya tafi, Yaya, sugan ya cinye duka biyun. Likita ya ce ƙodar ma sai addu'a. Amma bakin yana nan, har yanzu Uwar Waya yake ce mini.

To ga abin da na aikata. Kin san yadda yake yi a shagonsa na hayar littattafai. Ba ya taɓa ba mutum labarin littafi. Sai ya laluba da babban yatsa, ya buɗe shafin da ya lanƙwasa wa kunne, ya ce karanta nan a tsaye, in maganar ba ta yi maka daɗi a baki ba ka mayar. Da yana asibiti ni ke zama a shagon, kwana uku ba wanda ya leƙo sai telan da ke kusa da mu. Na ce bari in ɗauki hotunan littattafan in sa a sitatus ko a samu masu zuwa. Sai na ga duk sun kumbura ta gefe ɗaya, ba sa kyau a hoto. Na kwaso su gida, na miƙe kunnuwan ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa ƙyalle na bi su da dutsen guga. Kanta huɗu, kwana biyar ina yi. Har bidiyo na ɗauka, ina ta murna ana yaba mini.

Jiya ya ce in miƙo masa mai koren bangon nan, wanda ya karanta wa Mama wani shafi a ciki lokacin ciwonta. Ya bi gefensa da yatsa sau uku. Sannan ya tambaya anya shi ne kuwa. Na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, ni da ma ya yi. Cewa kawai ya yi yanzu littattafansa sun fi rigunansa shan guga.

Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Auta


Yayata,

Da fatan kin wuni lafiya, ke da abokan wahalarki. Takardarki ta iso, na karanta wa Baba sau biyu. Ya ce a gaya miki soja ba ta kuka a takarda, tawada tana tona asiri.

Shafin nan fa bai samu ba. Na haska da fitilar waya, amma kowane kunne ya yi laushi kamar an taɓa lanƙwasa shi, masu haya ma sun yi nasu. Baba bai riƙe lambar shafin ba, ya ce shekara talatin yatsansa ne ya san wurin, ba kansa ba. Abin da ke ciki ma ya ɓace masa, daɗin ne kawai ya rage. Amma wai in ya ji zai gane.

Shi ya sa muka faro daga farko. Kullum in ya sha maganin safe sai in ja kujera kusa da gadonsa in karanta. Ranar farko na so in yi masa wayo, duk inda aka tsaya bayanin ɗaki ko hanya sai in tsallake, yadda muke yi wa littattafan da ake turowa a guruf ɗinmu na waya. Ya ɗaga hannu ya ce Uwar Waya kin sace mini sakin layi biyu, dawo da su. Ya ce kuma in daina gudu, ba cajina ne zai ƙare ba.

Yaya, akwai wani wuri da mutumin cikin littafin yake wa ɗaki fenti. Shafi uku ba abin da ya faru, fenti kawai. Wallahi sai da na ji warinsa a hancina. Na tambayi 'yan guruf ɗinmu ko akwai wadda ta taɓa karantawa, ɗaya ta ce akwai soyayya a ciki? Na rufe data.

Ya ce in rubuta miki littattafai uku da za ki nema in kin dawo. Koren nan. Sai siriri na mai tuƙa kwale-kwale, wai marubucinsa bai zubar da kalma ko ɗaya a ƙasa ba. Sai wanda bangon bayansa ya cire, mai warin kananzir, shi kuma wai da ƙarfi ake karanta shi, a zuci ba ya jin daɗi. Ya ce kar ki bi su don labari.

Shafi ɗari uku da sha biyu ne, muna na casa'in. Da yana iya sauraron goma, yanzu a shida yake gajiya. Ƙafafunsa sun kumbura. Ina lissafin kwanakin sai in daina.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta


Yaya,

Da fatan kin koma lafiya. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Baba, ya haɗa shi da Mama cikin rahama. Kwana biyun da suka ba ki mutane ba su bar mu mun zauna ba, shi ya sa nake rubutowa.

Mun tsaya a shafi na ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ana gobe zai rasu na zo wani wuri, matar ciki tana yanke wa tsohuwarta farce, sai na tsaya da karatun. Na tambaye shi ko nan ne. Ya ce ba nan ba ne, amma in lanƙwasa shi. Washegari da safe na ja kujerar, Gwaggo da ke taya ni jinyarsa ta riƙe mini hannu.

Sauran shafi saba'in da ɗayan na karance su a shago ranar Litinin, da ƙarfi, ni kaɗai. Tela ya kashe kekensa yana ji ta bango. Duk layin da na gama sai in ɗan dakata, ban san me nake jira ba. Na samu wuri huɗu da za su iya zama shi. Zai yiwu kuma mun wuce shi tuntuni yana gyangyaɗi, ni kuma ina ta zuba.

Bayan motarku ta tashi ne Gwaggo take ce mini ai ranar da ya karanta wa Mama kina zaune a ƙarshen gado, kina da shekara tara, ni ina goye. Ga littafin nan na ba direban da ke kai muku kaya. Ki karanta a hankali. In kin ji wurin, ki lanƙwasa ki aiko mini.

In kuma kin manta, don Allah kar ki zaɓo mini wani don raina ya yi sanyi. Ki ce kin manta.

Taki har kullum,
Auta