Fuskar Abba ta ƙi fitowa

Zuwa ga yayata, Shiuli Apa,

Gaisuwa mai yawa daga Lisbon. Ya jikin Ma? Ya yara? Ruwa ya janye daga Barishal kuwa?

Ni ƙalau nake, kada ku damu. Tarin ya yi sauƙi, ɗakin ne dai da danshi, fenti ba ya bushewa da wuri.

An baje kolin zane-zanena, mutane sun zo. Ɗaya kawai aka saya, na marigayi Abba cikin kwalekwalensa. Na ce wa mai wurin wannan ba na sayarwa ba ne. Ta ce, "Tuhina, ke fa kika zana shi, sai ki sake wani." Hunturu na tafe, ga buƙatar kuɗi, sai na bari aka sayar.

Tun ranar nake gwadawa. Kogin ya fito, kwalekwalen ya fito, har hannayensa. Fuskar ce ta ƙi. Kin kuma san ambaliya ta tafi da hotunansa duka.

Don Allah kada Ma ta ji. Ki dai tambaye ta cikin hira: idan Abba ya yi dariya, wane idon ne yake rufewa?

Allah ya jiƙansa, ya bar mana Ma.

Ƙanwarki,
Tuhina