Kwana Biyun da Na Ɓoye wa Likita

Mandawari, Kano
Talata

Zuwa ga 'yata Bahijja,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Yau kwana goma sha ɗaya da sallamo ni daga asibiti. Zafin ƙugun ya ragu, amma ƙafar hagu tana yi mini nauyi.

Abin da ban faɗa miki a waya ba shi ne, da adaidaita sahu ya buge ni a Ƙofar Nassarawa, ba asibiti aka fara kai ni ba. Gidan Malam Salihu mai ɗori na ce a kai ni, tunda shekara arba'in muna sahu ɗaya a masallaci. Ya ce targaɗe ne, ya ja, ya ɗaure. Na yi kwana biyu ƙafar a karkace ciki, har ta gajarta.

A asibiti hoto ya nuna kan ƙashin cinya ne ya fita daga gurbinsa. Suka yi mini allurar barci suka mayar. Likita ya tambayi lokacin da abin ya faru, na ce da safiyar nan, don kada in tona wa Malam Salihu asiri. Ya yi murna, wai wanda aka mayar wa cikin awa shida bai cika samun matsala ba. In an jima kuwa, jini yakan daina zuwa kan ƙashin, ya mutu. Ya ce in dawo bayan wata uku.

Bahijja, ban gane ba. Ƙashi yana mutuwa mai shi yana raye? Ta yaya zan sani? Likita ya hana ni zaman tabarma da harɗe ƙafa, a kujera nake salla, amma ya ce in riƙa motsawa da sanduna. Malam Salihu ya aiko cewa kada in motsa sam. Wata ukun nan a kan ƙaryata aka yanke shi, ko shi ma ya canja?

Na roƙi Ɗalha, ɗan ƙanena, ya mayar da ni asibiti in faɗa wa likita gaskiya. Ya ce yau da hantsi.

Ki gaishe da kowa. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Gwadabe

Na sa riga da hula tun safe, katin asibiti yana aljihu. An kira la'asar, Ɗalha bai zo ba.