Ƙofar Mai Zaman Banza

Litinin, 8 ga Janairu, 2024

Sanyin Doguwa ya dawo, ƙofar motar Baba ma ta dawo da halinta. Ta gaba, ta mai zaman banza. Da safe ka buga ta sau biyar, ta dawo maka kamar da gayya. Sai rana ta ɗaga take kamawa.

Baba ya ce idonsa ya fara kasa ganin hanya, ƙarshen wata zai miƙa makulli ga ɗayanmu, ni ko ƙanena Muzammil. Shekara shida ina bin sa kai masara Kwanar Dangora. Ni ne lodi, ni ne canjin taya. Amma da aka zo maganar ƙofa sai ya ce, "A kira min injiniya." Injiniya! Muzammil ke nan, wata huɗu da dawowarsa da difloma.

Laraba, 10 ga Janairu

Injiniya ya kwance kwalin ƙofa, waya a hannu, yana kallon wani Bature yana gyara motar da ba irin tamu ba. Ya ɗebo giris ya cusa wa makullin ƙofar har ya cika. Baba na kan benci yana ce wa maƙwabcinmu Malam Isa, "Ka ga amfanin boko ko?"

Ni daga aji huɗu aka cire ni aka kai gona. Karatuna a jaridar ƙunshin tsire na ƙarasa shi, da yagaggen littafin motar nan, kalma kalma. Na san giris daskarewa yake da sanyi kamar man shanu, ya riƙe harshen makullin. Wanki take so da kananzir, sai ɗigon mai mara kauri. Ban faɗa ba. Wa ya tambaye ni?

Da azahar ta kama, har da tafi. To da azahar ai ko ba a taɓa ta ba kamawa take.

Alhamis, 11 ga Janairu

Da safe ta ƙi. Na ci ɗumame har da ƙari.

Asabar, 13 ga Janairu

Yanzu ruwan zafi Muzammil yake sheƙa mata kullum da buta, kamar mai jego. Inna ta ce, "Inuwa, ba za ka duba wa ɗan'uwanka ba?" Na ce ni da ba ni da takarda? Ta ce Allah ya shirya wannan bakin.

Shi ma ya same ni a zaure. "Yaya, ko kana da wata dabara?" Na ce tambayi wayarka. Wannan ladabin nasa ya fi komai ƙona min rai.

Talata, 16 ga Janairu



Muzammil ne ya tuƙa, Baba a gefensa, ni a baya da buhuna. Da Baba ya ja ƙofa na ji ƙara ɗaya. In ta kama sosai biyu take yi. Na ji, wallahi na ji. Na ce a raina bari ta buɗe mana a tasha, kowa ya ga aikin difloma.

Ba ta jira tasha ba. Mun fito dajin Falgore, kafin Tudun Wada, ya faɗa rami a kwana. Baba ya jingina da ita yana jan carbi. Sai gani na yi ta wangale, rabin jikinsa a waje. Ban san lokacin da na cafko wuyan rigarsa ba.

Muzammil ya tsaya ya kifa kai a sitiyari yana kuka. Baba cewa kawai ya yi, "Ku ɗauko min hulata."

A gida ana ta sa min albarka. Na kasa cin abinci.

Laraba, 17 ga Janairu

Daga masallacin asuba na ce wa Muzammil ɗauko kananzir da tsohon buroshi. Lokacin da sanyi ya fi tsanani nake so, kar ta yaudare mu. Shi na sa ya wanke. Giris na fitowa guda-guda. Ya ce, "Yaya, a ina ka koyi wannan?" Na jefa masa littafin. Ya daɗe yana kallon inda na ja layi da biro.

Baba ya zo ya tura ƙofar da yatsa ɗaya. Ƙara biyu. Ya juyo.

"Tun yaushe ka san maganinta?"

Na ci gaba da goge hannuna da tsumma.

"Na ga fuskarka ranar da yake sa giris. Ban gama makancewa ba, Inuwa."

Laraba, 31 ga Janairu

Baba ya ba Muzammil makullin mota. Ya ce na fi shi sanin mota, amma shi in bai sani ba yana tambaya, ni kuwa na sani na yi shiru da uba a cikin mota.  

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Har yanzu in na ji ƙarar makullin a aljihun Muzammil sai na kau da kai.

Kafin su tashi na fita na gwada ƙofar sau uku. Na sa shi ya rufe ido ya saurara har ya iya bambance ɗaya da biyu. Littafin kuma na bar shi a motar. Ba don shi ba. Can ne wurinsa dama.